Katangar da Kyaftin Ya Rushe: Bitar Littafin "Addicted" na Tony Adams

Yawancin littattafan da 'yan ƙwallo ke fitarwa a kan rayuwarsu kirari ne da aka ɗaure a bango mai sheƙi: na ci wannan kofi, na doke wancan abokin hamayya, koci kaza bai gane ni ba. "Addicted", wanda Tony Adams ya rubuta tare da ɗan jarida Ian Ridley, aka buga a Ingila a 1998, ba ya cikin wannan sahu. Littafi ne na mutumin da ya riƙe kambun kyaftin a Arsenal da tawagar Ingila, sannan ya zauna ya lissafa abin kunyarsa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya nemi a tausaya masa ba. Ya daɗe a hannuna a nan unguwar Tandabawi ta Makka, kuma duk lokacin da labari ya iso cewa wani ɗan wasa ya yi tatil da giya ya hau mota ya kashe bawan Allah, shi nake jawowa, domin a cikinsa ne na fi ganin yadda irin wannan ranar take somawa shekaru kafin ta zo.

Mu da muka shiga son Arsenal ta ƙofar Nwankwo Kanu a 1999, Adams ɗin da muka tarar natsattse ne, dogon mai tsaron baya da ke ɗaga hannu yana tsara abokansa. Mutanen Makka sun san darajar irin wannan ɗan wasa, don sun ga Usama Hausawi ya tashi daga Al-Wahda har ya ja ragamar Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Adams an haife shi a Romford a 1966, ya fara buga wa Arsenal yana ɗan shekara 17, ya zama kyaftin yana da 21, ya yi wasa 669 a kulob ɗaya tilo, ya ci kofin lig a 1989 da 1991 da 1998 da 2002. Littafin ya buɗe mana ɗaya fuskar, wadda ke bayan wannan lissafi.

Abin da ya fara kama ni shi ne inda aka zaɓa a soma. Ba a fara da ƙuruciya ba, ba a kuma fara da ɗaga kofi ba. An fara da daren 26 ga Yuni 1996 a Wembley, lokacin da Jamus ta fitar da Ingila a bugun fanareti a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai. Adams ya daure bai sha ba har zuwa wannan dare, ya riƙe kansa da ƙarfin tsiya saboda ƙwallo. Da Gareth Southgate ya ɓarar da bugunsa, abin da ke riƙe da shi ya tsinke, ya faɗa shan da ya ɗauki makonni bakwai, har zuwa 16 ga Agusta, ranar da ya kurɓi na ƙarshe. Wannan tsari dabara ce ta marubucin da ya san aikinsa. Tun shafukan farko mai karatu ya riga ya san inda hanya za ta ɓulle, don haka kowace nasara da za a ba shi labarinta daga baya, har daren Anfield na 1989 da Arsenal ta ci kofin lig, da fargaba zai karanta ta.

Sai kuma murya. Ridley ƙwararren marubuci ne, amma ya ja da baya ya bar harshen ɗan gabashin Landan ya fito yadda yake: gajerun jimloli, magana kai tsaye, babu ado. Da wannan harshe Adams ya faɗi abin da namiji mai suna ba ya faɗa. Ya ce yakan farka ya tarar ya jiƙa shimfiɗa. Ya ba da labarin faɗowarsa daga matakala a buge har aka yi masa ɗinki 29 a kai. Ya amsa cewa ya taɓa shiga fili da maye a jikinsa. Ya kuma nuna tsoron da ke ƙarƙashin wannan duka, yaron da ke jin kunyar jama'a, wanda Marco van Basten ya wahalar a 1988, wanda wata jarida ta liƙa wa kunnuwan jaki a hoto, magoya bayan abokan hamayya suka riƙa yi masa kukan jaki a filaye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma abin yabo a nan shi ne bai mayar da wannan zafi hujja ba. Ya faɗe shi a matsayin abin da ya faru, ya bar alhakin kofin a hannun wanda ya ɗaga shi.

Zuciyar littafin, a wurina, ita ce ranar 6 ga Mayu 1990. Ya kamata ya bi tawagar Arsenal zuwa Singafo. Maimakon haka ya sha ya yi nak, ya hau motarsa ƙirar Ford Sierra, ya ƙwace a Rayleigh cikin yankin Essex, ya rushe katangar wani gida. Gwaji ya nuna giyar da ke jikinsa ta haura ninki huɗu na abin da doka ta yarda. Babu wanda ya mutu. Ranar 19 ga Disamba kotu a Southend ta tura shi gidan yari na wata huɗu, ya yi kusan wata biyu a kurkukun Chelmsford, ya fito a tsakiyar Fabrairu 1991. Arsenal ta riƙe masa gurbinsa da kambunsa. A duk kakar wasa ɗaya tak ta sha kashi a lig, a hannun Chelsea, yana tsare. Watanni kaɗan bayan fitowarsa, shi ya ɗaga kofin.

Na sha karanta wannan babi, kuma abin da ke ƙara masa daraja a idona shi ne gaskiyar da ya faɗa game da hukuncin kansa. Kurkuku ta kunyata shi, ta kunyata iyayensa, amma ba ta taɓa ciwon ba. Ya fito bai yarda yana da matsala ba, ya ci gaba da sha har fiye da shekara biyar. Littafin ya kuma nuna, ba tare da zargin kowa da suna a kan laifinsa ba, irin gidan da ya koma: 'yan wasa da suka ware Talata don shan giya bayan atisaye, shugabanni da ke kau da kai muddin ana cin wasa, magoya baya da suka tarbe shi tamkar wanda ya dawo daga yaƙi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda duk yake son sanin dalilin da ya sa tauraro ke jin doka ba ta kai gare shi ba, ya karanta waɗannan shafuka a tsanake.

A nan ne kuma nake da ƙorafi, kuma ina yin sa ne da girmamawa. Titin da ke cikin littafin babu kowa a kansa. Adams ya auna abin da giya ta yi masa, ya auna abin da ta yi wa aurensa da 'ya'yansa, amma bai daɗe a tsaye gaban katangar nan yana tambayar wa zai iya kasancewa a jikinta ba. Tsakaninsa da waɗanda suka kashe rai babu wata nagarta, rabo ne kawai. A Yuni 2008 Luke McCormick, mai tsaron gidan Plymouth Argyle, yana dawowa daga ɗaurin aure a buge, ya afka wa wata mota a babbar hanyar M6, ya kashe yara biyu 'yan uwan juna, mai shekara 10 da mai 8, ya raunata mahaifinsu mummunan rauni. An yanke masa shekara bakwai da wata huɗu, ya fito a 2012, a 2014 kulob ɗin ya ba shi kyaftin. Marcos Alonso ya yi haɗari a Madrid a 2011 da maye a jikinsa, wata matashiya da ke cikin motar ta rasu; a 2016 aka mayar da ɗaurin wata 21 zuwa tarar Yuro 61,000, kuɗin da manyan 'yan wasan Ingila da yawa ke samu a mako guda. A Amurka, ɗan wasa Donte Stallworth ya kaɗe wani ma'aikaci da ya tashi daga aikin dare a Miami a 2009, aka yanke masa kwana 30. Ɗan wasa Henry Ruggs kuwa, wanda ya yi gudun kilomita 250 a awa a Las Vegas a 2021 ya halaka wata matashiya, an ba shi shekara uku zuwa goma. Laifi iri ɗaya, hukunci daga biyan tarar kuɗi zuwa ɗaurin shekara goma, kuma a kowane labari sunan ɗan wasan ne ke ci gaba da yawo, na mamacin yana dusashewa.

Wataƙila zaman Makka ne ya sa wannan giɓi ke yi mini girma. A kotunan nan, in an rasa rai a titi, shari'a biyu ake dubawa. Akwai haƙƙul amm, na jama'a, wanda hukuma ke hukunta mutum a kai. Akwai haƙƙul khas, na magadan mamaci, wanda ba alƙali ba sarki da zai yafe a madadinsu. Su ne za su karɓi diyya ko su yi tanazul don Allah. Tun 2011 diyyar kisan kuskure a Saudiyya Riyal 300,000 ce, ta ganganci da mai kama da ganganci 400,000. Bayan wannan akwai kaffara tsakanin bawa da Ubangijinsa, azumin wata biyu a jere, kamar yadda aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta shimfiɗa. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da sakacinsa ya jawo. Wanda ya tashi a cikin wannan tsari ya san cewa tuba tana da fuska biyu, kuma ta biyun tana ƙofar gidan wanda aka zalunta. Tsarin masu yaƙi da jarabar giya da Adams ya shiga shi ma ya tanadi haka, don cikin matakansa goma sha biyu akwai lissafa waɗanda aka cutar da neman gyara abin da aka ɓata musu. Na so a ce littafin ya ba wannan mataki fili daidai da wanda ya ba wasanni.

Ba na cewa diyya kaɗai ta wadatar. Ga ɗan wasan da ke karɓar miliyoyi, Riyal 300,000 ba za ta hana shi barci ba, kuma labarin Stallworth, wanda ya sasanta da iyalan mamacin da kuɗi kafin hukunci, ya nuna yadda dukiya ke iya rage nauyin ɗauri. Shi ya sa haƙƙin jama'a bai kamata ya yi sauƙi don mai laifin sananne ne ba. Ingila kanta ta gane haka: a 2022 ta ɗaga iyakar hukuncin kisa ta hanyar tuƙin maye daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai da rai. Kada kuma mu ce wannan matsalar Turawa ce don giya haramtacciya ce a nan. Muna da ƙwayar Captagon, muna da samarin tafhiɗ masu wasa da mota a titi, a gida Kano da Maraɗi muna da tiramadol da kodin a tashoshin mota. Mutanenmu suna saurin cewa tsautsayi ne. Wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa sannan ya kama sitiyari, ganganci ya yi tun kafin ya tayar da mota.

Akwai ƙananan rauni da ba su kai wannan ba. A tsakiya littafin yakan koma jerin wasanni da sakamako, inda zafin muryar ke raguwa. Sashen gasar kofin duniya ta Faransa 1998, da saɓaninsa da kocin Ingila Glenn Hoddle kan ba Alan Shearer kyaftin, ya fi kama da abincin jaridun wancan mako, kuma ya tsufa fiye da sauran. Wani lokaci kuma kalmomin zauren masu murmurewa sukan yi yawa a bakinsa, abin da ba mamaki ga mutumin da shekara biyu kacal ke nan da daina sha lokacin da ya rubuta. Amma ko a nan akwai lada ga mai haƙuri. Zuwan koci Arsène Wenger Arsenal a 1996, da sauya abinci da atisaye, da mutumin da ya fara karatun littattafai da koyon kiɗan fiyano yana ɗan shekara 30, duk suna sa ƙwallon da ya ci Everton ranar 3 ga Mayu 1998, daga bugun Steve Bould, ta zama abin da ya wuce ƙwallo.

Abin da ya sa nake sassauta ƙorafina shi ne abin da ya biyo bayan littafin. A 2000 Adams ya kafa Sporting Chance, cibiyar da ke kula da 'yan wasa masu fama da giya da ƙwaya da caca, kuma kuɗin wannan littafi na cikin abin da aka kafa ta da shi. A 2017 shi da Ridley suka fitar da na biyu, "Sober". Biyan da bai rubuta a shafi ba ya yi shi a aikace, ta hanyar tare wasu kafin su kai ga tasu katangar.

Ina fatan a samu mai mayar da "Addicted" zuwa Hausa, a sa shi a hannun yaranmu da ke mafarkin Al-Wahda ko Kano Pillars ko Turai, da masu horar da su, musamman yanzu da kuɗi da taurari ke kwarara zuwa lig ɗin Saudiyya, ƙasar kuma na shirin karɓar kofin duniya a 2034. Littafin ya tabbatar cewa ɗauri ba tare da magani ba yana mayar da mutum titi yadda ya shiga. Abin da mai karatu zai ƙara da kansa shi ne sauran biyun: a hukunta tauraro kamar yadda za a hukunta direban tasi, kuma kafin kulob ya mayar masa da riga da kambu, a fara jin ta bakin iyalan wanda aka binne.