Daga Kagara Zuwa Bakolori: Shaihu Umar da Manufofin Kan Iyaka

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan da gasar rubutu ta 1933 ta haifar a Zariya, an fi saninsa da labarin bauta da ƙetare Sahara. Yawancin sharhin da ake yi masa yakan tsaya a kan ayari da ƙishirwa da wahalar hamada. Ni kuwa a ganina ƙashin bayan littafin yana fadar Kagara, kuma a nan ne yake da abin da zai faɗa wa masu tsara manufofin shige da fice a yau.

Mu duba yadda marubucin ya jera al'amura. Fadawa sun yi wa Makau, mijin uwar Umar, hassada, suka ƙulla masa sharri, sarki ya kore shi daga gari. Korar nan ce ta raba gidan. Daga ita aka sace yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim wanda ya tafi da shi Ber Kufa. Daga ita kuma uwar ta fita neman ɗanta, aka bautar da ita, aka bi da ita ta Murzuk, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Duk nisan tafiyar, a zauren sarki aka ɗaga ƙafar farko. Wannan jeri shi ne hujjar littafin: kafin mutum ya zama baƙo a ƙasar wasu, sai an fara tumɓuke shi a tasa.

Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun ba sa bukatar a fassara musu wannan. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da garuruwa, rikicin diyya ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, manoma suka tare hanyoyin aikin. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jinin manoma. Ba a cika shekara uku ba, a Janairun 1983, gwamnatin ta Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Nijeriya. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Gana, duk da yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979. Hukuma ɗaya ce ta raba ɗan ƙasa da gonarsa, sannan ta ɗora wa baƙo laifin ƙuncin ƙasa.

Abin bai tsaya nan ba. A 2019, yayin da hare-haren 'yan bindiga ke tura mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi, a watan Agusta Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Ita ma Nijar ta kafa doka a 2015 mai hukunta masu jigilar matafiya ta Agadas zuwa Libiya, Tarayyar Turai na mara mata baya, kafin sojoji su soke ta a Nuwamban 2023. Dukkan matakan nan shinge suke kallo. Hatta kalmar da muke ji a rediyo, baƙin haure, tana nuna mana mutum ne a daidai lokacin da yake tsallake katanga, ta ɓoye abin da ya koro shi. Shaihu Umar yana gyara wannan kallo, domin sai da ya zaunar da mu a gidan, muka san mutanensa, sannan ya watsa su.

Sai dai littafin yana da nasa rauni, kuma bai kamata girman marubucin ya hana mu faɗa ba. Umar yana ba almajiransa labarin ne bayan ya zama shaihi mai daraja a Rauta, da muryar wanda ya riga ya sallama wa ƙaddara. Muryar nan tana da kyau da natsuwa, amma tana sassauta wa sarki. Ba a tuhumi fada ba, ba a kuma tuhumi harin kamun bayi da ita kanta fadar ke aikawa ba. Uwar da ta fi kowa biyan farashi ta ƙare a baƙuwar ƙasa, labari ya wuce zuwa ɗaukakar ɗanta. Mai karatu na iya rufe littafin yana ganin alheri ne tafiyar ta zama, ya manta da wanda ya jawo ta.

A nan nake ganin aikin da ya rage wa marubutan Zamfara. Ɓalewa ya nuna mana inda hijira ke farawa, amma bai tsaya ya yi shari'a da wurin ba. Ƙasar da ta haifi Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ba ta rasa masu iya magana a gaban sarki. Abin da ake bukata shi ne labarin da zai bi manomin Bakura ko Maradun tun daga ranar da ya rasa gonarsa har zuwa shingen Jibiya ko Illela, ya kira hukuncin da ya tashe shi da sunansa. Gwamnatin da ke son rage masu fita, gyaran Kagara ya kamata ta fara yi.