Ratsen da Ya San Hanyar Gida

Watanni uku na yi ina bin wani littafi a WhatsApp, shafi ɗaya kullum, galibi a mota tsakanin Wudil da Kano. Da satar jariri aka buɗe labarin. Zuwa shafi na 60 muna cikin bikin ƙawar kishiyar yayar uwar jaririn, ana lissafa lefe akwati-akwati. Jariri kuwa shiru. An saki reshe an kama ganye, alhali kuɗi muka biya, ga data.

Marubuciyar ta iya Hausa, hirarta da daɗi. Matsalar ita ce kullum da dare take ƙirƙiro abin da za mu karanta da safe, kuma duk tauraron da masu sharhi suka yaba, shi za ta bi.

Wani zai ce ai Abubakar Imam ma ya yi ratse. Gaskiya ne. A Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar 1933, Alhaji Imam ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma kaso mai yawa na littafin ramuwar gayya ce tsakaninsa da Malam Zurƙe. Ina son waɗannan wurare, sai dai a ganina nan ne ginin ya fi rauni: cire gari ɗaya daga tafiyar, ba abin da zai rushe.

Dubi littafi na farko na Magana Jari Ce kuma. Labaran aku duk ratse ne, amma kowanne da aikinsa: riƙe Musa a gida har gari ya waye, kada ya faɗa tarkon Waziri. Aku na zuba, hankalinka na bakin ƙofa.

A sana'ata ta rubuta manhaja, in ka tura wani sashe aiki, dole ya dawo da sakamako inda aka kira shi. In bai dawo ba, wayarka ta sandare. Haka mai karatu yake sandarewa.

Ba na cewa a tsara komai tun farko. Amma kafin shafi na 1, marubuci ya rubuta ƙarshen labarinsa a layi uku. Duk ratsen da ya taso, ya tambaye shi: me za ka kawo wa wannan ƙarshen?

A Ɗankaza, ƙanwata har yau tana tambayata ko an ga jaririn.