Kunnen Marubuci

Kwanan baya wani malami a Gawon Nama ya nuna mini labarin da almajirinsa ya rubuta. A ciki yaron ya ce zuciyarsa ta tsage kamar ƙanƙarar tafki da bazara. Hausarsa ba laifi, amma da ganin wannan misali ka san daga littafin Turawa ya ɗauko shi.

Abin kuwa gaskiya ne a ƙasarsa. Tafkin Baikal na Rasha yakan daskare tun daga Janairu har Mayu, har mota ta bi ta kansa. In rana ta soma ƙarfi, ƙanƙarar takan buɗe da rana, ta tsuke da dare, sa'an nan ta dare da ƙara kamar harbin bindiga. Wanda ya sha dogon sanyi, in ya ji, ya san sauƙi ya kusa.

To, ina ruwan Basakkwace da wannan? Bazararmu ita ce Afrilu, sa'ad da zafi kan wuce awo 40, Tafkin Kware ya ja baya. Abin da muke kasa kunne dominsa shi ne cida daga gabas, da iska tana kaɗa kwanon rufi, da kukan kwaɗi a fadamar Rima daren ruwan fari. Manomin da ya ci bashi ya ajiye irin gero, shi ya san nauyin wannan ƙara.

Kayan aro ba ya rufe katara. Na ce wa malamin ya mayar wa yaron takardarsa, ya jira damina.