Samanja a Waya, Kaset a Ma'aji

Kallon tsofaffin wasannin talabijin ya zama al'ada mai zaman kanta. Dattijo ya karɓi wayar ɗansa, a buɗe masa YouTube, ya zuba wa Samanja ido yana murza gashin baki yana zuba Turancin bariki, ko Ƙasimu Yero a Karambana. Hoton dishi-dishi, murya na shaƙewa, wani wurin ma kaset ya ci, amma dariyar tana nan daram. Da yawa daga cikin abin da ake kallon nan ba gidan talabijin ne ya sake shi ba. Wani ne ya naɗa a bidiyon gidansa tun shekarun baya, wani kuma ya ɗora a intanet. A idon doka, mai ɗorawar ya taɓa kayan da ba nasa ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba fim da shirin da aka watsa kariyar shekara 50, rubutaccen aiki kuwa shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Ke nan wasan da aka fara nunawa a 1985 ba zai zama na kowa ba sai bayan 2035. Magana Jari Ce da NTA Kaduna ta mayar wasa ya fi haka ɗaurewa, domin marubucin littafin, Abubakar Imam, ya rasu a 1981, labaransa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2051. A Amurka wa'adin ya kai shekara 95, shi ya sa Mickey Mouse na 1928 bai kuɓuta ba sai a 2024.

Ban ƙi a kare gumin mai aiki ba, ko kusa. Sai dai gumin wa ake karewa? Haƙƙin yakan zauna hannun gidan da ya shirya wasan, ba ɗan wasan da ya sa mu dariya ba. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Usman Baba Pategi, wato Samanja, a 2023, wa'adin kuwa bai motsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kaset ba ya jiran shekara 50. Zafi da ƙura da laima suna cinye shi, na'urar da za ta kunna shi tana ƙarewa. Doka ta ba mai haƙƙi ikon hanawa, ya kamata ta ɗora masa nauyin adanawa: ko ya fito da wasan, ko ya bar masu so su kwafa.

Ko a ƙasashen waje an ga irin wannan asara: BBC da kanta ta goge faya-fayen shirye-shiryenta masu yawa a shekarun 1960 da 1970 don sake amfani da su. Kashi tara na wasanta Doctor Who da aka fid da rai da su, a 2013 aka sanar da gano su a ma'ajin wata tashar talabijin a Jos, cikin kwafin da aka turo Nijeriya tun da can ba a mayar ba.