"Un Iacovleff": sunan mai zane da sunan wanda aka zana

A wannan ƴar maƙala za mu duba kundin Dessins et peintures d'Afrique (1927), mai hotuna 50, wanda Lucien Vogel ya buga a Paris. Mai zanen, Alexandre Iacovleff (1887-1938), ɗan Rasha ne. Kamfanin Citroën ya ɗauke shi cikin ayarin motoci 8 da suka ƙetare Afirka a 1924-1925, suka ratsa Yamai, Tasawa da Damagaram. A nan ya zana Sarki Barma Mustafa.

Hannunsa ba shi da makusa. Jan allinsa ya kama nauyin rawani da natsuwar fuska, abin da fim ɗin Léon Poirier na wannan tafiya bai kama ba. Amma ba gwaninta kaɗai ta ɗaukaka shi ba. Citroën na neman talla, zauren Charpentier ya baje hotunan a 1926, Vogel ya yaɗa su. Kowa ya hau bayan wani. Daga baya, a shekarun 2000, attajiran Rasha suka ƙara musu tsada a wuraren gwanjo.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne harshen wannan ciniki. Bafaranshe yakan ce ya sayi "un Iacovleff": sunan yanka ya karɓi "un", ya zama sunan haja, wanda aka zana kuwa ya fita daga jimlar. Hausa ba ta yarda da haka ba. Dole a sa mahaɗi -n, a ce "hoton Sarki", wanda ke nufin ko dai hoton da ke nuna Sarki, ko wanda Sarki ya mallaka. A wannan kundi ma'ana ta farko ce kaɗai ta tabbata.

Mu kwatanta da kasuwar dabbobi a Tanut ko Belbeji. Dillali ma yakan kambama raƙumi, ya faɗi asalinsa, ya ci la'adarsa, amma mai raƙumi na nan tsugune, sai ya ce ya sallama. Da na nuna wa wani ɗalibina ɗan Damargu kwafin hoton, bai tambayi wanda ya zana ba. Cewa ya yi: "Malam, to shi Sarki an ba shi nasa?"