Jinjina ga Masu Sassaƙa Baka

Dattawa na cewa Dutsin-Ma ta samo sunanta daga wani maharbi, Ma, da ya zauna a dutsen. Ana yabon maharbi, ana manta wanda ya sassaƙa masa makami. Sannunku da aiki, masu sassaƙa baka na Birchi da ƙauyukan Kurfi! Ku ke zaɓo icce mai jure lanƙwasa, ku shanya shi a inuwa, ku gasa ku tanƙwara, ku murɗa tsirkiyar fata. Kyauro daga fadama, kan kibiya daga maƙera. Irin wannan baka ne ya tarwatsa dawakin Gobir a yaƙin Tabkin Kwatto a 1804. Na Turai har kwance shi ake gida uku a zuba a jaka. Naku icce guda ne, ko ƙusa babu.