Jinjina ga gasar ƙananan ƙasashen kurket

Idan ana hirar kurket, Indiya da Ingila da Ostireliya ake ambato. Ni kuwa yau gasar World Cricket League nake jinjina wa, wadda hukumar kurket ta duniya, ICC, ta gudanar daga 2007 zuwa 2019 domin ƙasashen da ba a damu da su ba.

Tsarinta ba ya da wuyar fahimta. A wancan lokacin, akasari ƙasashe shida ake tarawa a gari ɗaya, su kara na kusan mako guda. Biyun farko su hau rukuni na gaba, biyun ƙarshe su gangara. Ba a tambayar tarihinka ko arzikin hukumarka. 'Yan wasan ma da yawansu malamai ne da ɗalibai da ma'aikata, hutu suke nema daga wurin aiki kafin su hau jirgi.

Dubi Afganistan. A 2008 tana rukuni na biyar a tsibirin Jersey, da samarin da suka koyi wasan a sansanonin gudun hijira na Pakistan. Da ƙyar da jiɓin goshi suka doke masu masauki a wasan ƙarshe. Suka lashe rukuni na huɗu a Tanzaniya, suka ɗauke na uku a Ajantina farkon 2009. A 2015 sai ga su a gasar cin kofin duniya, a 2017 kuma suka zama cikakkun mambobin ICC.

Najeriya ma ta taka wannan tsani: ita ta lashe rukuni na bakwai a Botswana a 2013, ko da yake a gida ƙwallon ƙafa bai bari an ji labarin ba.